Hoton da Edinalva Ta Liƙa a Mashiga

Zuleide, aminiyata, saƙonki ya iso ni. Kin ce Fada, limamin cocinku, ya ɗora miki aikin nemo matan da injin jirgin ruwa ya taɓa a yankinku, su yi wa jama'a magana, kuma kina so a gama kafin ƙarshen wata. Wannan maganar ta ƙarshen wata ita ta sa na ajiye wankina na zauna. Bari in ba ki labarin Edinalva tamu.

Edinalva Pantoja ita ce ma'aikaciyar lafiya ta garinmu, Boa Espera. Mace ce mai kirki, ba ta gajiya da mutane, amma tana da aibi guda: ba ta iya jira. In ta ɗora kofi, kafin ya tafasa ta sauke. In ta yi miki tambaya, kafin ki buɗe baki ta ba kanta amsa. Matuƙan jirgi suna kiranta Sauro, wai ba ta barin kunnen mutum ya huta.

Abin da ya hana ta sukuni a shekarar shi ne jirgin Seu Valdomiro. Shi ne mafi girma a garin, kuma shi ke ɗaukar mala'iku ranar bikin Uwargida Maryamu, wato 'yan matan nan da iyayensu suka yi bakance ba za a taɓa gashinsu da almakashi ba sai ranar da za a miƙa shi ga Uwargida. Ana sa musu fararen riguna da fukafukai, a sakar musu gashi har gadon baya, a ƙetare da su kogi zuwa tsohon coci. A shekarar su goma sha biyu ne, har da 'yata Ivonete. Ƙarfen da ya taso daga injin jirgin zuwa farfela kuwa tsirara yake, yana juyawa a tsakiyar jirgi, ba murfi. Shekara huɗu kafin nan wannan ƙarfen ya kama gashin Jucirene, 'yar Seu Valdomiro ta cikinsa, ya ɗaye mata fatar kai tun daga goshi har ƙeya. Ta yi wata bakwai a asibiti a birnin Belém, ta dawo da ɗankwali, ba ta sake shiga jirgi ba.

Masu sa murfin ƙarfe suna zuwa daga birni, kyauta suke sawa. Amma da an hango jirginsu sai mazanmu su sulale cikin ƙoramu, don yawancin jiragen ba su da takardu, suna tsoron a ƙwace. Da ƙyar Edinalva ta shawo kan mutum uku suka yi mata alkawari. Seu Valdomiro kuwa ko sauraronta ba ya yi.

"Seu Valdomiro, murfi ne kawai," in ji ta wata safiya a mashiga. "Awa ɗaya an gama."

"Na ɗora katako a kai," ya ce, yana kwance igiya.

"Katakon da kake ɗagewa duk sanda za a kwashe ruwa?"

"Ke Sauro, je ki ciji wani. Abin da ya faru daga Allah ne. Ko kin fi ni son 'yata ne?"

Saura mako shida biki. Edinalva ta ga ba wanda zai iya motsa mutanen nan sai Jucirene da kanta. Duk ranar Talata takan je gidansu ta wanke mata kai, ta shafa magani, don fatar da aka dasa tana tsagewa da zafi. Takan kuma ɗauki hoton kan da wayarta ta aika wa likitan Belém. A nan ne kaɗai Jucirene ke cire ɗankwali. Ko uwarta ba ta cika ganin kan ba.

"Juci," ta ce da ita ranar, "da za ki tsaya gaban jama'a ki faɗi abin da ya same ki, wallahi da sun ji."

Jucirene ta mayar da ɗankwalinta ta ɗaure. Can ta ce, "Ba ni lokaci, Dona Edinalva. Zan yi tunani."

Edinalva ta ba ta kwana tara. A na goma ta kasa. Ta ce a ranta yarinyar nan kunya ce ke damunta, ba za ta taɓa yarda ba, kwanaki kuma suna tafiya. Ta shiga jirgin kasuwa zuwa birni, ta zaɓi hoto ɗaya cikin na likita, wanda aka ɗauka ta baya, fuska ba ta fito ba. Ta sa aka buga fosta ashirin, aka rubuta da manyan baƙaƙe a ƙasa: KI ƊAURE GASHINKI, KADA KI ZAMA HAKA. A hanyar dawowa ta yi ta gaya wa kanta cewa ba suna, ba fuska, ba wanda zai gane. Da yamma ta liƙa su a mashiga, da ƙofar asibiti, da makaranta, da bangon coci.

Ta manta cewa a Boa Espera mutum ɗaya ce ke da irin wannan kai. Ga kuma shuɗiyar tagar ɗakin Jucirene ta fito sarai a bayan hoton.

Kafin rana ta take washegari, yara sun taru suna nunawa da yatsa, wasu suna rufe ido suna ihu. Mata suka tsaya da kwandunan jatan lande a ka suna kallo, samari suna ɗauka da waya. Seu Valdomiro ya iso da jirginsa cike da 'ya'yan itacen asai, ya hau mashiga, ya ga abin da aka liƙa. Shi kansa bai taɓa ganin kan 'yarsa ba tun ranar da abin ya faru. Ya tsaya kamar an kafe shi. Sannan ya yage fostar, ya ninke ta, ya sa a aljihu, ya juya ga Edinalva da ke tsaye tana jiran ta ga an firgita an tuba.

"Mun buɗe miki ƙofa," ya ce. "Mun ba ki kujera. Ki ji da kyau, a gaban mutanen nan nake faɗa: duk abin da ya fito ta hannunki ba zai hau jirgina ba, ko da ƙusa ce."

Mutum ukun da suka yi mata alkawari suka janye a ranar. Ɗayansu ya ce, "Yau 'yar Valdomiro, gobe matata za ki liƙa." Iyaye mata kuma suka fusata ta wani gefen, suka ce tunda ta rubuta a ɗaure gashi, ashe so take a hana su cika bakancen da suka yi wa Uwargida. Ranar Talata ta je gidan Jucirene da jakar magani, ta tarar da ƙofa a rufe. Ta ƙwanƙwasa, ta yi kira, ba amsa.

Duk da haka ba ta ga laifinta ba tukuna. Ta tafi wajen Dona Firmina, tsohuwar da ke ɗinka rigunan mala'iku, wadda kuma ita ce uwar baftismarta, ta zauna tana zuba.

"Inna, rai goma sha biyu nake ƙoƙarin tsarewa! Hoto ɗaya ne fa. Ko fuska babu."

Dona Firmina ba ta ɗaga kai daga ɗinkinta ba. Ta ce, "Tashi ki tuɓe rigarki."

"Na'am?"

"Tuɓe. Akwai tabon aikin da aka yi miki a ciki lokacin haihuwa. Zan liƙa a ƙofar coci don mata su riƙa zuwa awo da wuri. Ai fuska ba za ta fito ba."

"Haba Inna, ai wannan daban."

"Daban ne mana, tunda naki ne." Ta ciji zare ta yanke. "Yarinya ta ce ki ba ta lokaci. Me ya ci ki? Tun kina cikin tsumma haka kike, ko nono ba kya bari ya sauko."

Edinalva ta fito. A kan gadar katako ta tsaya, ta tuna yadda Jucirene ke juya mata baya kafin ta kwance ɗankwali, da yadda take riƙe numfashi har a gama. Sai ta zauna a wurin ta yi kuka.

A ranar ta bi gari ta ciccire fostocin da suka rage, ta ƙone su a bayan asibiti. Ta bi samarin ɗaya bayan ɗaya tana roƙo su goge daga wayoyinsu. Wasu suka goge, wasu suka ce ai sun riga sun tura. Washegari da safe ta tafi gidan Jucirene. Wannan karon ba ta ƙwanƙwasa ba. Ta ajiye magani da auduga a bakin ƙofa, ta zauna a kan matakala, ta ciro carbinta. Ta yi awa guda, ta tashi ta tafi aiki. Haka ta yi rana ta biyu da ta uku. Zaman nan ya fi mata kowane aiki wuya. Sau da yawa bakinta ya buɗe zai fara bayani, ta mayar da shi ta rufe.

A rana ta shida ta ji motsin ragar kwanciya daga ciki, sai murya ta fito ta tsakanin katakon bango.

"Ba ki da aikin yi ne, Dona Edinalva?"

"Ina da shi. Na zo in ce na cuce ki, Juci. Ba ni da wata hujja."

"Shi ke nan? Yau ba dogon jawabi? Lallai ba ki da lafiya."



"Shekara huɗu kina wanke min kai," in ji Jucirene. "Kin san kowane tabo. Amma ko sau ɗaya ba ki tambaye ni yadda abin ya faru ba. Kin rubuta wai a ɗaure gashi. To gashina a ɗaure yake ranar. Ni da kaina na naɗe shi, na soke da mataji. Na sunkuya in kwashe ruwa da ƙoƙo, jirgi ya yi tsalle a kan igiyar ruwa, mataji ya zame. Shi ke nan. Kin nuna wa duniya kaina, sannan kin ɗora min laifin."

"Ban sani ba," in ji Edinalva a hankali.

"Ina za ki sani? Kuma da kin ƙara jira kaɗan, da na ce miki to. Na riga na yanke shawara. Abin da ya tsayar da ni Baba ne. Tun da na dawo daga Belém bai kalli fuskata ba, in zai yi min magana bango yake kallo. So nake in sami hanyar da zan fara yi masa magana, kada ya ji a bakin taro. Sai ga shi ya gani a jikin bango."

Edinalva ta ji kamar ƙasa ta buɗe ta shige. Ta so ta tambaya ko har yanzu akwai sauran dama, saura mako uku biki, tambayar tana kan harshenta. Ta haɗiye ta. Ta ce, "Allah ya huci zuciyarki," ta tashi.

Sai bayan kwana huɗu Jucirene ta aiko uwarta ta kira ta. Ta same ta zaune a bakin taga da jan ɗankwali.

"Ba don ke zan yi ba," in ji Jucirene. "Don yaran nan ne. Ga sharuɗɗana. Ba hoto, ba waya, ba lasifika. Ɗankwalina yana kaina. Ranar gwajin rigunan mala'iku za a yi, a mashiga, lokacin da jirage ke dawowa. Ki samo takarda daga masu murfin nan, da sa hannu, cewa ba za su tambayi kowa takardun jirgi ba, ki ba Fada ya karanta, don ke ba wanda zai yarda da ke yanzu. Na ƙarshe kuma, in na fara magana, ko na yi shekara ban ci gaba ba, kada ki ce uffan."

"Na yarda."

"Za mu gani," in ji Jucirene.

Ranar Asabar da la'asar mashiga ta cika. Dona Firmina ta jera mala'ikunta tana gyara fukafukai, iyaye mata na tsaye, matuƙa suna sauke kaya. Fada ya karanta takardar, wasu suka yi tsaki. Sai ga Jucirene ta taho a kan gadar katako. Hayaniya ta mutu. Ba ta tsaya inda aka ajiye mata kujera ba. Ta wuce kai tsaye zuwa jirgin ubanta, ta riƙe igiya, ta sauka ciki. Seu Valdomiro yana tsaye a baya wajen inji, ya kawar da kai. Ta ɗage katakon da ke kan ƙarfen, ta zauna a gefensa.

"A nan nake zaune," ta ce.

Daga nan muryarta ta ɗauke. Ta kalli ƙarfen. Minti ɗaya ya wuce, biyu suka wuce. Mutane suka fara motsi, wani matuƙi ya ɗauki kwandonsa zai tafi. Edinalva tana ganin taron zai watse, duk bayanan da ta haddace suna tafasa a ƙirjinta, ta san da kalma uku za ta iya tsayar da mutumin nan. Ta zauna a kan wani buhu, ta tura hannayenta biyu ƙarƙashin cinyoyinta, ta dafe leɓenta da haƙori, tana roƙon Ubangiji ya riƙe mata harshe.

Jucirene ta ɗago kai. Ba jama'a ta kalla ba, 'yan matan ta kalla.

"Ku matso, mala'iku. Ni ma na taɓa sa rigar nan. Gashina ya fi na kowaccenku tsawo, har Dona Firmina tana cewa da shi za ta share coci." Yaran suka yi dariya. Ta gaya musu yadda ta naɗe gashinta ranar, da ƙoƙon, da matajin. Ba ta kwatanta ciwon ba. Ta ce kawai, "Kafin in ce wayyo an gama. Kada wani ya ce muku in kun ɗaure gashi kun tsira. Ku ɗaure, amma ku duba ƙarfen kafin ku shiga."

Sannan ta juya ga ubanta.

"Baba, mutane sun san jirginka ne ya yi min wannan. Abin da ba su sani ba, kai ka kashe injin, ka tuɓe rigarka ka naɗe min kai, ka rungume ni kana kiran sunana har muka kai asibiti, don kada in yi barcin da ba tashi. Ba don kai ba da na mutu. Ban taɓa riƙe ka da wannan ranar ba, ko sau ɗaya. Abin da ke hana ni sakewa shi ne kowace safiya ina jin ƙarar injin nan daga ɗakina, na san akwai 'yar wani a ciki, na san ƙarfen nan a buɗe yake. Sai in yi ta addu'a har in ji ka dawo. Na gaji, Baba. Ka rufe shi in huta."

Seu Valdomiro ya juyo ya kalle ta, ido cikin ido, ya daɗe yana kallonta. Sai ya cire hularsa ya rufe fuska da ita. Dona Firmina ta tattara yaran ta ce, "To, kallon ya isa, kowa ya kama gabansa."

Ranar Litinin da sassafe Edinalva tana share ƙofar asibiti ta ji an yi gyaran murya. Seu Valdomiro ne, yana kallon gefe.

"Sauro. Yaushe mutanen nan naki za su zo?"

"Alhamis, Seu Valdomiro."

"To. Ki gaya musu su fara da nawa. Ba don ke ba, ki sani."

"Na sani."

Ranar Alhamis jirage tara suka yi layi a bayan nasa. Wasu dai sun sake shigewa ƙorama, har yau ana fama da su. Ranar biki mala'iku goma sha biyu suka ƙetare kogi a kan ƙarfe rufaffe, gashinsu a kitse cikin huluna, sai a ƙofar tsohon coci aka warware musu. Jucirene ce ta kawo wannan shawara, iyaye mata kuma suka karɓa don daga bakinta ta fito. Na tsaya a gaɓa ina kallon Ivonete tana sauka da fukafukanta a karkace, na gode wa Allah da ya ba mu Jucirene, na gode masa da ya ba Edinalva ikon yin shiru.

Ba komai ne ya koma yadda yake ba. Jucirene ta yafe, suna gaisawa, wani lokaci har su je wasu garuruwa tare, ita tana magana Edinalva tana riƙe mata jaka. Amma ba ta sake kwance ɗankwali a gabanta ba, uwarta ce ke wanke mata kai yanzu. Hoton nan kuma har yau yakan ɓullo a wayar wani baƙo, ba wanda ya isa ya dawo da shi.

Darasin da ke ciki, Zuleide, shi ne wanda ya tsira daga masifa shi ke da labarinsa. Shi zai zaɓi ranar da zai faɗa, da inda zai faɗa, da abin da zai bari a rufe. Kyakkyawar niyya ba ta ba ki izinin ɗaukar ciwon wani ki nuna wa jama'a, kuma gaggawa takan lalata aikin da take son ta gyara. Ki tambayi matan nan, ki saurara har su gama, in sun ce ki jira ki jira, ko wata ya ƙare. Na nemi izinin Jucirene da Edinalva kafin in rubuto miki wannan, suka ce ke kaɗai, saboda aikin da ke gabanki. Don haka ina roƙonki, in kin karanta ki adana a zuciyarki, kada ki gaya wa kowa, ko da Fada ne.